Dadin Bingo ko ubangidan kare? Zare kan sunan mai kare a ƙasar Hausa

1/ Jiya a motar Jega zuwa Aliero wata 'yar ajinmu ta nuna hoton karenta, ta ce "ni ce mominsa". Wani dattijo a gaba ya juyo: "'Yata, wa ya yi maki wanga baki?" Muka fashe da dariya. Amma tambayar ta bi ni har hostel. Ku biyo ni.

2/ Mi ya sa ta yi wa dattijon nauyi? A wurinmu "Maman wane" da "Baban wance" sunan girma ne, haihuwa ke ba da shi. "Ɗan kare" kuwa zagi ne da ke sa a cire riga. Ka haɗa biyun a jimla guda, dole kunne ya ƙi.

3/ Kar ku ce kakanninmu ba su san kare ba. Mafarauci da karensa, Bafulatani da mai tsaron garke, manomi da mai gadin gona. Har karin magana suka bar mana: ba a kiwon kare ranar farauta. Wato sai ka ciyar da shi tun da wuri kafin ya yi maka rana.

4/ Addini ma ya ware waɗannan ukun. Hadisi ya halatta karen farauta, na kiwo da na gona, ya ce mai ajiye shi ba dalili ladarsa na raguwa kullum. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne.

5/ Son kare kuma ba Turawa suka fara ba. Ibn al-Marzuban, malamin Bagadaza da ya rasu a 921, littafi guda ya rubuta kan fifikon karnuka a kan da yawa daga masu sa tufafi. Ƙarni na 10 fa! Karen As'habul Kahfi kuwa kowa ya san labarinsa.

6/ Ga maƙwabtanmu Buzaye. Karensu dogo siriri na kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, tare da iyali yake zama a zango. A shekarun 1970 aka kai shi Turai, a 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta yi masa rajista. Yau kuɗi ne.

7/ To da wane suna mai kare ke kiran kansa a nan? Mai kare, ko ubangida. Ku duba kalmar da kyau: uban gida. Akwai "uba" ciki, amma uban GIDAN ne, ba uban karen ba. Kare na cikin waɗanda cinsu ke wuyanka, kamar bara da baƙo. Nauyi ne ba jini ba.

8/ Kakana a Maiyama ya yi wani jan kare, sunansa Kyale-su. Duk sanda ya ƙwala masa kira, maƙwabcin da suke 'yar tsama da shi ya san da wa ake 😂 Bai taɓa shafa kansa a gabanmu ba. Ranar da ya mutu, tsoho bai ci tuwon dare ba.

9/ "Uwar kare" fa? Sabon abu ne ko a can. A 2000 birnin Boulder na Amurka ya sa "mai kula" a dokokinsa a madadin "mai mallaka". A 2015 ƙamus ɗin Oxford na intanet ya karɓi "fur baby", wato jariri mai gashi. Daga nan Instagram da TikTok suka kawo mana har gida.

10/ Su ma ba su gama yarda ba. A Janairun 2022 Fafaroma Francis ya soki masu fifita kiwon kare da kyanwa kan haihuwa. A nan Najeriya, 2016, a jihar Ogun, wani ya sa wa karensa Buhari, maganar ta kai kotu. Suna a jikin kare ba wasa ba ne.

11/ Ni dai ra'ayina: "momi" da "dadi" sun fi taushi, "ubangida" ya fi nauyi. Na farko na faɗin abin da kake ji, na biyu abin da ke kanka. Na ga masu "my baby" da karensu ke ɗaure a rana ba ruwa, na ga mafarauta da ke raba fura da nasu.

12/ Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon haukan kare na kashe kusan mutum 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, yara da yawa ciki. Allura ke hana shi. Kira kanka abin da ka so, amma ka kai shi wurin likitan dabbobi.

13/ Ku kuma, mi ne ne sunan karen gidanku na da, kuma da wa ake habaicin? Ku zubo a ƙasa 👇