Amrish Puri: Yadda Ma'aikacin Inshora Ya Zama Babban Bos Na Finafinan Indiya

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa, ko a silimun Kano irin su Plaza da Marhaba da Orion, ko a kaset ɗin bidiyo a ɗakin samari, ya san wani dogon mutum mai askin ƙwal-kwabo da manyan idanu da murya mai kauri. Da zarar ya bayyana, 'yan kallo sun san jarumi ya gamu da gamonsa. Da yawa ba su riƙe sunansa na yanka ba, Mogambo suke ce masa. Sunansa Amrish Puri, kuma wannan kwarjinin da ya cika allo bai same shi a dare ɗaya ba. Ya kusa shekara 40 kafin ya fito a fim ɗinsa na farko.

An haife shi ranar 22 ga Yuni, 1932, a garin Nawanshahr na yankin Punjab, lokacin Indiya tana ƙarƙashin Turawan Ingila. Gidansu ba baƙon harkar fim ba ne. Yayyensa biyu, Chaman Puri da Madan Puri, sun riga shi shiga, kuma shahararren mawaƙin nan K. L. Saigal ɗan'uwansu ne. A shekarun 1950 ya bi sawun yayyensa zuwa Bombay da burin zama jarumi. Aka yi masa gwajin kyamara, bai ci ba. Zamanin su Dilip Kumar da Dev Anand da Raj Kapoor ne, masu shirya fim suna neman fuska mai taushi wadda za ta dace da waƙar soyayya, shi kuwa aka ga tasa ta yi tsauri.

Sai ya kama aiki a hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin Indiya, ya yi aure, ya fara tara iyali. Kusan shekara 20 ya yi a wannan aiki, amma bai saki burinsa ba. A farkon shekarun 1960 malamin wasan kwaikwayo Ebrahim Alkazi ya jawo shi zuwa wasan daɓe, daga nan ya koma hannun darakta Satyadev Dubey, wanda ya ɗauka a matsayin ubangidansa a sana'a. Da rana yana ofis, da dare yana kan dandamali, yana fitowa a wasannin manyan marubuta irin su Girish Karnad da Vijay Tendulkar da Mohan Rakesh.

A nan ne aka ƙera Amrish Puri da duniya ta sani. A wasan daɓe babu kyamarar da za ta matso ta nuna hawayen ɗan wasa, babu kuma damar a tsaya a sake ɗauka. Dole mutum ya iya jefa muryarsa har ta kai ga wanda ke zaune a layin ƙarshe, ya san inda zai ja numfashi, ya san lokacin da shirunsa zai fi maganarsa nauyi. Wannan horo ya ba shi iko a kan muryarsa da idanunsa, kuma a 1979 hukumar Sangeet Natak Akademi ta ba shi lambar yabo saboda aikinsa a dandamali.

Ya shiga fim ta ƙaramar ƙofa. Ya fito a ɗan taƙaitaccen matsayi a Prem Pujari na Dev Anand a 1970, sannan a Reshma Aur Shera na Sunil Dutt a 1971. Cikin waɗanda suka fara gane abin da ke tattare da shi akwai darakta Shyam Benegal, mai finafinai a kan rayuwar talakawan karkara. A Nishant na 1975 ya ba shi matsayin babban mai gonaki da ke danne mutanen ƙauye. A Manthan na 1976, fim ɗin da manoma 500,000 suka ɗauki nauyinsa da karo-karon rupi biyu-biyu, ya fito a ɗan kasuwar da ke sayen madarar makiyaya a wulaƙance. Azzaluman nan ba na tatsuniya ba ne, irinsu ne talaka ke haɗuwa da su a kasuwa da gona, shi ya sa suka fi ban tsoro.

Hum Paanch na 1980 shi ya buɗe masa ƙofar manyan finafinan kasuwa a matsayin babban bos. Kafin shi an yi su Pran da Ajit da Prem Chopra, an kuma yi Amjad Khan da ya girgiza Indiya da Gabbar Singh a Sholay. Amrish Puri ya zo da nasa salon: mugu mai ji da kansa, mai shiga ta alfarma, wanda ba ya gaggawa domin ya tabbata gari a hannunsa yake. Darakta Subhash Ghai ya riƙe shi a Vidhaata da Hero da Meri Jung, inda ya fito a lauya mara imani, ya kuma ci kyautar Filmfare.

Sunansa ya ƙetare teku. Ya fito a Gandhi na Richard Attenborough a 1982, sannan Steven Spielberg ya ba shi matsayin Mola Ram a Indiana Jones and the Temple of Doom na 1984. Saboda wannan fim ya aske kansa, kuma bai sake tara suma ba. A 1986 ya zama bokan macizai a Nagina tare da Sridevi. A 1987 Shekhar Kapur ya fitar da Mr. India, inda ya fito a Mogambo, wanda ke zaune a kan karaga yana sanar da farin cikinsa duk lokacin da yaransa suka yi ɓarna. A hannun wani ɗan wasan, da matsayin ya zama abin dariya kawai. Shi kuwa ya haɗa barkwancin da barazana, yara suna dariya suna kuma tsorata.

Bai tsaya a nan ba. A 1988 ya fito a Tamas, wasan talabijin na Govind Nihalani a kan rikicin raba Indiya da Pakistan a 1947. Ya ci gaba da zama bos a Ghayal da Damini da Karan Arjun, amma a 1995 ya nuna wata fuska a Dilwale Dulhania Le Jayenge. Baldev Singh, matsayin da ya fito a ciki, uba ne mai shago a Landan, mai begen ƙasarsa, wanda ya yi wa amininsa alkawarin auren 'yarsa, kuma ba ya son a ce ya saɓa. Bahaushe ya san irin wannan uba, ya san nauyin alkawari da zafin auren dole. Saboda haka sa'ad da ya saki hannun 'yar tasa Simran a tashar jirgin ƙasa, masu kallo a nan sun ji abin har cikin ransu. Matsayin uba a Ghatak na 1996 da Virasat na 1997 ya ƙara masa kyautar Filmfare biyu a jere.

Ya rasu a Mumbai, wato Bombay ta da, ranar 12 ga Janairu, 2005, yana da shekara 72, bayan ya fito a finafinai fiye da 400. Ba a san shi da fitowa a jarumi mai rawa da waƙa ba, amma nasarar jaruman zamaninsa, daga Anil Kapoor zuwa Sunny Deol da Shah Rukh Khan, ta yi armashi ne saboda ƙarfin wanda suka kayar. Wannan abin lura ne ga masu shirya fim a Kannywood da ko'ina: idan aka ba matsayin bos ko na uba ga wanda ya koyi aikin da gaske, labarin gaba ɗaya ne ke tsayawa da ƙafarsa.