Daga Akwatin Gidan Waya Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Karatun Mai Iyali

Akwai wani irin ɗalibi da ba dominsa aka gina jami'a ba. Shi ne malamin firamare mai 'ya'ya huɗu, ko ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, wanda aure ko neman abinci ya katse wa karatu, kuma ba shi da halin ajiye albashinsa ya koma ɗakin kwanan ɗalibai. A yau yakan buɗe darasi a wayarsa bayan sallar isha'i, idan yara sun kwanta. Hanyar da ta kawo shi nan ta girmi intanet da sama da shekara ɗari.

Mafarinta shi ne 1858, lokacin da Jami'ar Landan ta amince mutum ya rubuta jarrabawar digirinta ba tare da ya zauna a ajinta ba. Daga baya makarantun koyarwa ta wasiƙa irin su Wolsey Hall da Rapid Results College suka riƙa aika darussa ƙasashen da Ingila ke mulka. Ta jarrabawar Landan ce Alvan Ikoku, wanda hotonsa ke kan takardar naira goma, ya sami digiri a fannin falsafa a 1928 yana aikin koyarwa, shekara ashirin kafin a buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan. Karatu ne mai cin rai: amsar tambaya guda sai ta yi makonni a jirgin ruwa.

Ingila ce kuma ta mayar da wannan dabara jami'a sukutum. A 1963 Harold Wilson ya kawo shawarar jami'ar da za ta koyar ta rediyo da talabijin, minista Jennie Lee ta tsaya tsayin daka har aka kafa Open University a 1969. A watan Janairun 1971 ta fara da ɗalibai kimanin 25,000, ba ta nemi takardar shaidar sakandare daga gare su ba. Da yawansu malaman makaranta ne masu iyali, suna kallon darussa a BBC bayan sun tashi daga aiki.

A Nijeriya larura ce ta buɗe ƙofar. Shirin ilimin firamare kyauta na UPE da aka fara a 1976 ya cika azuzuwa da yara, malaman da suka ƙware kuwa ba su isa ba, kuma babu halin kwashe waɗanda ake da su a tura su kwaleji. Sai aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna. Malami yana koyarwa ranakun aiki, yana nazarin littattafan da aka buga masa da dare, yana zuwa cibiyar karatu a ƙarshen mako da lokacin hutu. Malamai da dama a Arewa ta nan suka sami shaidar Grade II, daga baya kuma NCE.

Mataki na gaba ya gamu da siyasa. A watan Yulin 1983 Shugaba Shehu Shagari ya sa hannu kan dokar kafa buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa. A ranar ƙarshe ta wannan shekara sojoji suka kifar da gwamnatinsa, a watan Afrilun 1984 kuma gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta dakatar da jami'ar. Haka ta kwanta shekara goma sha takwas. Magidancin da ke da shekara talatin da biyar ranar da aka rufe ta, ya doshi ritaya kafin a sake buɗe ta.

Gwamnatin Olusegun Obasanjo ce ta farfaɗo da ita a 2002 da sunan NOUN. Bayan ya sauka daga mulki shi ma ya yi rajista a matsayin ɗalibi, har ya karɓi digirin digirgir a ilimin addinin Kirista a 2018, yana da shekara tamanin. Duk da haka takardar jami'ar ta daɗe ana yi mata kallon hadarin kaji, domin waɗanda suka kammala ba sa zuwa hidimar ƙasa, masu karatun lauya kuma ba a karɓarsu a Makarantar Horar da Lauyoyi. Ga mai shekara arba'in hidimar ƙasa ba ita ce damuwa ba, tunda doka ta ɗauke wa wanda ya haura talatin. Damuwarsa ita ce darajar da za a ba takardarsa ranar ƙarin girma a ofis. A watan Disambar 2018, lokacin da Farfesa Abdalla Uba Adamu, mutumin Kano, ke shugabantar jami'ar, aka yi wa dokarta gyaran da ya daidaita matsayinta da na sauran jami'o'i. Wanda ya sa hannu kuwa shi ne Muhammadu Buhari, wanda gwamnatinsa ta rufe ta shekara talatin da huɗu baya.

Intanet ta rage nisa, amsar da take makonni a teku yanzu takan iso cikin daƙiƙa. Ragowar nauyin yana nan yadda Ikoku ya same shi. Mai iyali daga barcinsa yake yankar lokacin karatu, kuma kuɗin data da na rajistar jarrabawa daga aljihu ɗaya suke fita da kuɗin makarantar 'ya'yansa.