Makulli a Kan Littafin da Aka Saya: Nazarin Kariyar Kwafi da Rashin Jituwar Sigogi a Kasuwar Littattafan Lantarki

Tsakure

Wannan maƙala ta binciki dalilin da ya sa littafin lantarki da mutum ya biya kuɗinsa a wani shagon intanet sau da yawa ba ya buɗuwa a na'urar wani kamfanin. Ta hanyar duba dokokin haƙƙin mallaka da wasu al'amura da suka faru daga 2009 zuwa 2025, an gano cewa tushen matsalar shi ne makullin kariyar kwafi da ake kira DRM, domin bambancin siga abu ne mai sauƙin magani.

Siga da makulli

Sigar EPUB ta fito a 2007, kuma a buɗe take ga kowa; tun 2017 ƙungiyar W3C ce ke kula da ita. A shekarar 2007 ɗin dai Amazon ya fitar da na'urar karatu ta Kindle bisa sigar Mobipocket, kamfanin da ya saya a 2005. Sauya fayil daga wannan siga zuwa waccan aikin 'yan daƙiƙu ne da manhajar kyauta irin su Calibre. Inda gizo ke saƙa shi ne idan an kulle fayil ɗin: Amazon yana da nasa makulli, Apple yana da FairPlay, shaguna da dama kuma suna amfani da na Adobe. Fayiloli biyu suna iya zama duk EPUB, amma mabuɗin wannan ba ya buɗe wancan.

Doka ce ta ƙarfafa makullin. Yarjejeniyar WIPO ta 1996 ta wajabta wa ƙasashen da suka amince da ita hana ɓalle shi, Amurka kuma ta zartar da hakan a sashe na 1201 na dokar DMCA ta 1998. Ke nan wanda ya saya da kuɗinsa na halak, idan ya cire makulli don ya karanta a wata na'urar, yana iya faɗawa tarkon doka ko da bai ba kowa kwafi ba.

Abin da mai saye ya mallaka

A Yulin 2009 Amazon ya goge littattafan George Orwell biyu, 1984 da Animal Farm, daga na'urorin mutanen da suka saya, ya mayar musu da kuɗinsu. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafai, duk abin da aka saya ya daina buɗuwa. Mai karatu ya karɓi kuɗinsa, littafin kuwa ya tafi. A Fabrairun 2025 Amazon ya janye damar sauke littafi zuwa kwamfuta don ajiya. Waɗannan sun tabbatar da cewa izinin karatu kawai ake sayarwa, kuma mai shago na iya janye shi. Kotun Tarayyar Turai ma, a shari'ar Tom Kabinet ta 2019, ta yanke cewa ba a sake sayar da littafin lantarki kamar na takarda sai da yardar mai haƙƙi.

Hujjar masu makulli ita ce hana satar fasaha, kuma damuwa ce ta gaskiya ga marubucin da ke ci da alƙalaminsa. Sai dai Apple ya cire makulli daga waƙoƙin iTunes a 2009, kamfanin buga littattafai na Tor ya cire daga littattafansa a 2012, kuma kasuwancinsu bai durƙushe ba. Ɓarawo yakan samu kwafin da aka riga aka ɓalle, mai gaskiya ne ke shan wahala, musamman makaho da ke dogara da manhajar karanta rubutu da murya, wanda Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 ta zo don kare shi.

Jihar Kalifoniya ta Amurka ta ɗauki mataki a 2024 da dokar da ta tilasta wa shaguna bayyana cewa izini suke sayarwa. Wannan bai wadatar ba. Ya kamata doka ta wajabta wa duk shagon da zai rufe ya cire makulli daga abin da ya sayar, ta kuma halatta wa mai saye sauya sigar littafinsa don amfanin kansa.