Grand Portage: Zangon Guzuri a Dazuzzukan Arewacin Minesota

A arewa maso gabashin jihar Minesota ta ƙasar Amurka, inda kurmi ya haɗe da ɗaruruwan tafkuna har zuwa iyakar Kanada, masu zuwa hutu a lokacin zafi sukan kafa tanti a daji su kwana biyu, kuma bisa al'ada akan ware yini guda a sauko bakin Tafkin Superior domin cefane da wanki da buɗe ido. Da yawansu garin Grand Marais suke fara nufa, su sayi abinci da ƙanƙara da gas na girki, sannan su miƙe hanya mai lamba 61 zuwa Grand Portage, dab da iyaka, inda aka sake gina wani tsohon sansanin 'yan kasuwa. Wannan saukowa neman guzuri ta girmi yawon shaƙatawa nesa ba kusa ba, domin ita ce ta raya wurin tun farko, kuma tarihinsa tarihi ne na yadda ake ciyar da mutanen da suka nutsa cikin daji.

Yanayin ƙasar ne ya zaɓi wurin. Kogin Pigeon, wanda shi ne ƙofar shiga jerin tafkunan da suka miƙa zuwa yammacin Kanada, ba ya biyuwa da kwalekwale a kusa da bakinsa, saboda duwatsu da gangaren ruwa, ciki har da wanda tsayinsa ya kai ƙafa 120. Tun kafin zuwan Turawa 'yan asalin ƙasar suka fitar da turba ta tudu mai tsawon mil 8.5, wato kusan kilomita 14, wadda take zagaye wannan cikas, kuma kabilar Ojibwe suna kiranta Gichi Onigaming, ma'ana babban wurin ɗaukar kaya. Wani Bafaranshe mai suna La Vérendrye ya iso nan a 1731 bisa jagorancin taswirar da wani mutumin kabilar Cree ya zana, amma yawancin mutanensa suka ƙi hawa turbar, har sai da ya tura kaɗan daga cikinsu gaba, shi kuma ya koma ya yi hunturu a wani wuri mai suna Kaministiquia.

Abin da ya jawo Turawa shi ne fatar biba, wata dabbar ruwa mai faffaɗar wutsiya, wadda ake sarrafa lallausan gashinta a yi malafar da manyan mutanen Turai suke yayi. Bayan Faransa ta sallama Kanada ga Birtaniya a 1763, fataucin ya koma hannun 'yan kasuwar Montreal, akasarinsu 'yan Sikotland, waɗanda suka haɗa jari a 1779 suka kafa kamfanin North West. Babbar matsalarsu ita ce ƙanƙara, domin koguna da tafkunan arewa watanni kaɗan suke buɗewa a shekara, kuma babu kwalekwalen da zai tashi daga Montreal ya kai yankin Tafkin Athabasca ya dawo kafin ruwa ya daskare. Saboda haka aka raba tafiyar gida biyu. Manyan kwalekwale masu tsawon ƙafa 36 suna tasowa daga Montreal da haja, ƙanana masu ƙafa 25 suna gangarowa daga arewa da fatu, sai a haɗu a Grand Portage a watan Yuli. Wurin ya yi aikin da zango yake yi wa fatake: a sauke, a yi lissafi, a sake guzuri, kowa ya kama hanyarsa. A makonnin taron mutane sama da dubu sukan cika wannan bakin ruwa.

Wahalar kuwa a wuyan matuƙan kwalekwalen take, waɗanda ake kira voyageurs, talakawan Kanada masu jin Faransanci da suke shiga kwantiragi da kamfani. Ana ɗaure kaya ƙunshi-ƙunshi, kowanne fam 90, wato kusan kilo 41. Mutum yakan rataya ƙunshi ɗaya a gadon bayansa da igiyar fata wadda take zagayo goshinsa, ya ɗora na biyu a kai ya tokare ƙeyarsa, sannan ya sunkuya ya kama sassarfa cikin taɓo da sauro, yana sauke kayan a wuraren hutu da aka tsara kusan kowane rabin mil. Alexander Mackenzie, ɗaya daga cikin masu hannun jari a kamfanin, ya rubuta cewa wajibi ne kowane matuƙi ya haye da ƙunshi takwas, ana biyansa dalar Sifen guda kan duk wanda ya ƙara, kuma ya ga waɗanda suka je da biyu suka dawo da biyu cikin sa'a shida. Irin wannan dako yana karya jiki, kuma gwaiwa tana cikin cututtukan da suka riƙa hallaka su. A cikin shingen katako, inda gine-gine 16 suke, masu kamfani da akawunansu suna cin burodi da nama da man shanu a babban zaure, alhali matuƙan suna waje, wasu a tanti wasu a ƙarƙashin kifaffen kwalekwale, abincin mutanen Montreal bai wuce dafaffiyar masara da kitse ba. Nan ne kuma ake biyan waɗanda suka yi hunturu a arewa, kuma da yawa sukan ƙarar da ladan shekara a kantin kamfani kan tufafi da taba da barasa, su koma daji da bashi a kansu, abin da ya yi wa kamfanin daɗi ƙwarai.

Akwai wani ɓangare da ya cancanci a tsaya a kansa fiye da yadda aka saba, wato gudummawar Ojibwe. Kwalekwalen da dukan fataucin ya dogara a kansa fasaharsu ce: ɓawon bishiya da suke kira wiigwaas, a ɗinke shi da saiwa a kan haƙarƙarin itace, a liƙe ɗinkin da ƙaro, ya fito da sauƙin ɗauka da kuma sauƙin gyara a ko'ina cikin daji. Su ne suke kawo kifi da nama da sukarin da suke dafawa daga ruwan bishiya, da manoomin, wato shinkafar da take tsirowa da kanta a tafki, wadda ake kaɗe ta da sanda cikin kwalekwale a ƙarshen lokacin zafi. Yawancin wannan aiki mata ne suke yinsa, haka ma jima da ɗinkin takalma. Bature da hajarsa ba zai kai ko hunturu ɗaya ba in babu wannan abinci, kuma abin takaici ne cewa barasa tana cikin manyan abubuwan da aka saka musu da su.

Siyasa ce ta tashi zangon. Wata yarjejeniya ta 1783 ta sanya Grand Portage a ɓangaren Amurka, kuma da barazanar harajin kwastan ta ƙaru, kamfanin ya kwashe ya tsallaka iyaka zuwa Kaministiquia a 1803, wurin da daga baya aka raɗa wa suna Fort William. A 1821 kamfanin North West ya narke cikin kamfanin Hudson's Bay. Ojibwe kuwa ba su gusa ba, ko da yake yarjejeniyar La Pointe ta 1854 ta karɓe musu mafi yawan yankin ta bar musu keɓaɓɓiyar ƙasa a nan.

Daga cikin wannan ƙasa ce suka ba da filin da aka ayyana a matsayin wurin tarihi na ƙasa a 1958, kuma tun 1999 suke tafiyar da shi tare da hukumar gandun shaƙatawa ta tarayya. Babban zauren da baƙi suke shiga a yau gini ne na biyu a zamanin nan, domin tsawa ta ƙone na farko a 1969. Turbar tana nan a buɗe ga mai ƙarfin ƙafa, kuma a ɗaya ƙarshenta, inda sansanin Fort Charlotte ya taɓa tsayawa a bakin Kogin Pigeon, ba a sake gina komai ba, sai filin kafa tanti da ake neman izini kafin a kwana. A wannan mashiga ce masu binciken kayan tarihi suka yi nutso a shekarun 1960 da 1970, suka tsamo ɓaraguzan kwalekwale da filafilai da takalma da katakon ganguna daga cikin lakar kogin, kayan da matuƙa suka zubar ko suka suɓuce musu a lokacin lodi.