Tarihin Kuɗin Gyaran Titi a Birnin Ditroit

A ƙasar Amurka, can wajen arewa, akwai wani babban birni da ake kira Ditroit. Yana cikin jihar Mishigan, a bakin wani kogi wanda ya raba shi da ƙasar Kanada. Faransawa ne suka kafa shi cikin shekara ta 1701. Birnin nan ya yi suna a duniya saboda ƙirar mota, amma labarin da za a bayar a nan na hanyoyin da motocin ke bi ne: wa ke biyan kuɗin gyaransu, ina kuɗin ke fitowa, kuma me ya sa titin ƙofar gidan talaka ya kan daɗe yana jira kafin gyara ya zo kansa.

A zamanin da, hanyoyin Mishigan ba su da kyau ko kaɗan. Ƙasar tana da fadamu da yawa, in ruwa ya sauka sai hanya ta zama taɓo, keken doki ya kafe har gindi. A ƙauyuka doka ta ɗora wa magidanta aikin hanya, kowa ya fito da shebur da dabbarsa ya yi 'yan kwanaki a shekara a madadin haraji. Aikin bai cika yin albarka ba, gama manomi hankalinsa yana gona, kuma ba sana'arsa ba ce. Wajen tsakiyar ƙarni na 19 waɗansu kamfanoni suka shimfiɗa hanyoyi na katako, suka kafa ƙofofi suna karɓar kuɗi daga masu wucewa, amma ba a daɗe ba katakon ya ruɓe. A cikin birni kuwa al'adar ita ce, in za a daɓe titi sai a raba kuɗin a kan masu gidajen da ke bakinsa, kowa gwargwadon faɗin ƙofar gidansa.

Masu hawan keke ne suka fara ɗaga murya a kan a gyara hanyoyi. Cikinsu akwai wani mutumin Ditroit mai suna Horatio Earle. Ya yi ta yawo yana jan hankalin jama'a, har cikin 1905 jihar ta kafa ma'aikatar hanyoyi, aka naɗa shi shugabanta na fari. Bayan shekara uku, watau 1908, Henry Ford ya fito da motarsa mai araha wadda ake kira Model T, mota ta fara shiga hannun talakawa. Cikin 1909 hukumar hanyoyi ta gundumar Wayne, wadda Ditroit ke cikinta, ta zuba siminti tsawon mil ɗaya a kan hanyar Woodward. Mutane suka zo daga wurare masu nisa don su gani da idonsu.

To, da motoci suka yawaita sai magana ta sake. Mai gida ya ga ba shi kaɗai ke bin titin ƙofar gidansa ba, motocin baƙi ne ke cinye shi, alhali kuwa shi ake bi kuɗin gyara. Dabarar da aka samu ita ce a sa haraji a kan man fetur, don wanda ya fi bin hanya shi ya fi shan mai, saboda haka shi zai fi biya. Jihar Oregon ta fara yin haka cikin 1919. Mishigan ta bi sawu cikin 1925, ta sa santi 2 a kan kowane galan. Santi ɗari ke yin dala ɗaya. Ban da wannan kuma akwai kuɗin rajistar mota da ake biya kowace shekara.

Sa'ad da kasuwar duniya ta faɗi cikin 1929, mutane da yawa suka kasa biyan harajin gidaje da na gonaki, ƙananan hukumomi suka rasa abin gyaran hanya. Cikin 1931 aka yi doka ta karɓe hanyoyin ƙauyuka daga hannun ƙananan hukumomi, ta danƙa su ga hukumomin hanya na gundumomi. Cikin 1938 kuma jama'ar jihar suka jefa ƙuri'a, aka rubuta cikin tsarin mulkinsu cewa kuɗin fetur da na rajistar mota na hanya ne, kada a karkatar da shi zuwa wani aiki dabam.

Babbar dokar da ta daidaita rabon kuɗin nan an yi ta cikin 1951, zamanin Gwamna G. Mennen Williams. Ana kiranta Doka ta 51. Ita ce ta ce a tara kuɗin fetur da na rajista cikin asusu ɗaya, sa'an nan a kasa shi uku: kashin jiha, da na gundumomi, da na birane da ƙananan garuruwa. An sha yi wa dokar gyara, amma har yanzu ita ce ginshiƙin al'amarin. Bisa ƙa'idar da aka daɗe ana bi, bayan an cire waɗansu kuɗaɗe tun daga sama, jiha ta kan ɗauki kashi 39.1 cikin ɗari, gundumomi 83 su raba kashi 39.1, birane da garuruwa kuma, waɗanda sun haura 500, su raba kashi 21.8.

Dalilin wannan rabo shi ne, hanyoyin suna da iyayengiji uku. A cikin Ditroit kanta, Woodward da manyan hanyoyin mota masu gada a hannun jiha suke. Waɗansu hanyoyi na gundumar Wayne ne. Sauran duka, har da na cikin unguwanni, nauyinsu yana wuyan hukumar birni. Sau da yawa mutum ya kan kai kuka ofishin magajin gari a kan wani rami, a ce masa wannan hanya ba tasu ba ce.

Doka ta 51 ta umurci kowane birni ya kasa titunansa gida biyu, watau manya da ƙanana. Manya su ne waɗanda ke ɗauke da yawan motoci, masu zuwa kasuwanni da masana'antu. Ƙanana su ne na cikin unguwa. Daga rabon birane, kashi uku cikin huɗu na manyan tituna ne, kashi ɗaya na ƙanana. Wajen auna abin da kowane birni zai samu, ana duba abu biyu: yawan jama'arsa bisa ƙidaya, wanda ke da kashi 60 cikin ɗari na lissafin, da tsawon titunansa, wanda ke da kashi 40. Mai karatu ya lissafa da kansa. In an raba dala ɗari, dala 21 da santi 80 za su je birane, daga ciki kuma dala biyar da 'yan kai kaɗai ke isa titunan unguwa, ko da ya ke tsawonsu ya ninka na manyan fiye da sau biyu.

Kuɗin ba kyauta ba ne, yana tafe da sharuɗɗa, gama kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Tilas birni ya buɗe asusu biyu, na manyan tituna dabam, na ƙanana dabam. Tilas ya naɗa ma'aikaci guda wanda zai zama wakilinsa a kan sha'anin tituna, ya kuma aika wa jiha da lissafi kowace shekara, da bayanin tsawon titunansa. An yarda birni ya ɗebi har rabin kuɗin manyan tituna ya zuba cikin asusun ƙanana, amma ba zai wuce haka ba sai ya nuna yana da rubutaccen shiri na kula da hanyoyinsa. Dokar kuma ta sa sharaɗi cewa in sabon titin unguwa za a gina, sai birni ya kawo nasa kason daga wata hanya. Taimakon da gwamnatin tarayya ke bayarwa kuwa galibi manyan hanyoyi ya ke zuwa.

Ayyukan da ake yi da kuɗin suna da yawa: facin ramuka, da like tsaga, da sake shimfiɗa kwalta, da share magudanun ruwa, da fitilun ba da hannu, da alamun hanya. Akwai kuma wani aiki wanda ƙasashe masu zafi ba su san shi ba. Da hunturu dusar ƙanƙara ta kan rufe tituna, sai an sa motoci sun ture ta, an kuma barbaɗa gishiri don ta narke. A ƙarƙashin birnin Ditroit ma akwai ramin haƙar gishiri mai zurfin fiye da ƙafa dubu. Sanyin nan shi ne babban maƙiyin titi. Ruwa ya kan shiga tsagar kwalta, ya daskare, ya kumbura, ya buɗa tsagar. In ya narke sai ya bar kogo a ƙasa, mota ta taka, rami ya buɗe. Ga shi kuma Mishigan ta yarda manyan motocin kaya su ɗauki nauyin da ya kai laba 164,000, wanda ya ninka abin da aka saba a yawancin Amurka.

Abin da ya sami Ditroit ya nuna inda dokar ke da rauni. Cikin 1950, shekara guda kafin a yi ta, mutanen birnin sun kai 1,849,568. Daga nan masana'antu suka fara ƙaura, jama'a suka bi su zuwa garuruwan kewaye. Ƙidayar 2010 ta sami mutum 713,777, ta 2020 kuma 639,111. Mutane sun tafi, tituna kuwa suna nan yadda suke: hukumar birnin tana kula da kimanin mil 670 na manya da mil 1,880 na unguwanni. Da ya ke yawan jama'a ne ya fi rinjaye cikin lissafin, kason birnin ya yi ta raguwa, alhali ƙanƙara ba ta tambayar gidaje nawa suka rage a layi kafin ta fasa kwalta. Harajin gidaje da za a cike giɓin da shi, shi ma ya ragu. Ban da wannan, harajin fetur ya tsaya a santi 19 tun daga 1997 har ƙarshen 2016, kayan aiki suna ta tsada, sababbin motoci kuma ba su shan mai kamar na da. Cikin 2013 bashi ya yi wa birnin katutu, har ya je kotu ya ce ya kasa biya.

Cikin watan Mayu na 2015 aka tambayi jama'ar Mishigan ko sun yarda a ƙara haraji don hanyoyi. Wajen mutum huɗu cikin biyar suka ce a'a. A ƙarshen shekarar majalisar dokoki ta yi nata shirin, harajin fetur ya hau zuwa santi 26.3 daga farkon 2017. A cikin wannan shekara hukumar Ditroit, a ƙarƙashin magajin gari Mike Duggan, ta ci bashin kimanin dala miliyan 125 don gyaran tituna, ta jinginar da kason da za ta samu daga jiha nan gaba. Amfanin haka shi ne a yi aiki da wuri. Illarsa kuwa, kuɗin shekaru masu zuwa an riga an ci wani abu daga ciki. Cikin 2025 majalisa ta sake gyara tsarin, ta cire harajin ciniki daga kan fetur ta mai da shi harajin hanya, ta kuma ware ƙarin kuɗi domin hanyoyin gundumomi da birane.

Masanan hanya sun tabbata rigakafi ya fi magani: like tsaga tun tana ƙarama ya fi araha ƙwarai bisa ga tone titi a sake shi. Saboda haka birnin da kuɗinsa ba su da yawa ya kan fara da titin da bai gama lalacewa ba, wanda ya mutu sarai ya jira. Wannan yana da ciwo ga mazauna wurin, amma in sun san dokar rabon, da ranar da majalisar birni ke zama a kan kasafin kuɗi, sun san ƙofar da za su buga da tambayar da za su yi.