Tabarau da Haƙoran Tsofaffin Friern

A watan Janairun 1965, wata mata mai suna Barbara Robb ta je asibitin Friern da ke arewacin Landan domin duba wata tsohuwa da ta sani. A Ingila ta wancan zamani, tsofaffi da dama waɗanda ƙarfinsu ya ƙare ba su da wani masauki face dogayen ɗakunan kwanciya na asibitocin masu taɓin hankali, inda akan shiga a zauna har ajali.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin wannan ziyara shi ne irin alamun da Robb ta lura da su. Ba tabon duka ne ya fara tsayar da ita ba. Ta ga tsofaffin mata a zazzaune jugum cikin tufafin asibiti, an yi musu aski iri ɗaya, an karɓe musu tabarau da haƙoran roba da na'urar taimaka wa ji. Wannan ƙwace al'ada ce, ana yin ta da zarar an kwantar da mutum. Tsohuwar da ba ta gani, ba ta ji, ba ta iya tauna ko fitar da magana sosai, dole ta yi kama da wadda hankalinta ya gushe, daga nan kuma duk ƙarar da ta kai sai a ce ruɗin tsufa ne. Likitoci da dangi sun sha ratsa waɗannan ɗakuna. A ganina, sabo ne ya rufe musu ido.

Robb ba ta tsaya ga jimami ba. Ta buɗe kundi tana rubuta abin da ta gani a kowace ziyara, da kwanan wata. A shekarar ta kafa ƙungiyar AEGIS, kuma a watan Nuwamba jaridar The Times ta buga wasiƙar da ita da wasu manyan mutane suka sa wa hannu. Wasiƙu suka yi ta kwararowa, har daga ma'aikatan jinya da abin ya daɗe yana ci musu rai. Shaidarsu ce ta zama ƙashin bayan littafin Sans Everything na 1967, inda aka sakaya sunayensu don gudun ramuwar gayya.

Martanin hukuma shi ne babin da ya fi ɗaci. Ministan lafiya, Kenneth Robinson, ya ɗora wa hukumomin asibitoci na yankuna alhakin kafa kwamitocin bincike, wato dai an ba kura ajiyar nama. Kwamitocin suka fi ba da ƙarfi wajen tuhumar masu ba da shaida, ana cewa ƙananan ma'aikata ne da ba su da horo. A watan Yulin 1968 ministan ya shaida wa majalisa cewa yawancin zarge-zargen ba su da tushe ko kuma an zuzuta su.

Amma tun a 1967 wani mataimakin ma'aikacin jinya ya kai wa jaridar News of the World labarin duka da satar abinci a asibitin Ely na birnin Cardiff, inda ake ajiye masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Lauya Geoffrey Howe ne ya jagoranci wannan binciken, ya kuma dage sai an buga rahotonsa ba tare da an yanke komai ba. Richard Crossman, wanda harkar lafiya ta koma hannunsa, ya amince, rahoton ya fito a watan Maris na 1969. Ya gaskata mafi yawan zargin, ya kuma nuna cewa ma'aikatan da suka yi ƙorafi sun rasa aikinsu. Ban ga bambanci tsakanin shaidun Ely da na Robb ba, mai sauraren ne ya bambanta.

A shekarar aka kafa hukumar da ke aika masu duba asibitocin dogon zama daga waje, sannan a 1973 aka naɗa jami'i mai zaman kansa da ke karɓar koken marasa lafiya da danginsu. Sai a 1975 likitocin Birtaniya suka fara rubutu a mujallunsu kan dukan tsofaffi a matsayin matsala mai zaman kanta. Robb ta rasu a 1976.