Daga Riyal Na Azurfa Zuwa Katin Mada

Da yawanmu muna son kai taurarin labaranmu Makka ko Jidda, amma sai mu manta da abin da ya fi damun baƙo a can: yadda zai riƙe kuɗinsa, da yadda zai biya.

Kakanninmu da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa, wasu suka yi shekaru suna aikin auduga a Jazira kafin su tara na jirgin ruwa, sun tarar da ƙasar da ba ta da kuɗin takarda nata. Riyal na azurfa ake kashewa, sai fam na zinariya na Ingila a manyan cinikayya. Riyal dubu ya haura kilo 11. Ku auna dattijon da ya ɗaura ko da kashi ɗaya cikin goma na wannan a ƙugu, yana ɗawafi cikin cunkoso.

A 1952 aka kafa hukumar kuɗi ta Saudiyya, a 1953 ta fito da wata takarda mai suna rasitin alhazai, ta riyal 10. Alhaji zai miƙa kuɗinsa a ba shi rasit, ya canza lokacin da ya so. Abin mamaki, 'yan kasuwa suka shiga karɓarsa a matsayin kuɗi, 'yan ƙasa ma suka riƙe shi. Sai a 1961 aka buga riyal na takarda sosai. Ashe wahalar baƙi ce ta koya wa masu gida amincewa da takarda. Don haka idan Alhajin labarinku ya zaro bandir ɗin riyal a 1950, to kun yi wa tarihi ƙarya.

A 1990 aka haɗa bankunan ƙasar a hanyar biya guda ta kati, wadda tun 2015 ake kira mada. A 2023 kashi 70 cikin ɗari na sayayyar yau da kullum ba da tsabar kuɗi aka biya ba. Ɗalibinmu na Madina yakan ɗan daburce a makon farko, ganin ko ruwan roba da kati ake saya, amma yana da iƙama, asusun banki ba zai gagare shi ba.

Wadda babu ita cikin wannan lissafi ita ce 'yar Tukari marar iƙama. Banki ba zai buɗe mata asusu ba. Ladan aikatau a hannu take karɓa, a ƙulle cikin zane take ajiyewa, kamar na kakanta. In za ta yi aike gida, sai ta miƙa riyal ga wani ɗan gari a Jidda, shi ya buga waya, ɗan canji a Wapa ya ƙirga wa uwarta naira a Kano. Babu takarda, babu shaida. In mutumin ya ɓace, ba ta da ofishin da za ta kai ƙara ba tare da ta kai kanta ba.